Tsakanin Yola da Garwa: Kotu Ta Raba Ƙasa, Ruwa Ya Ƙi Rabuwa

A watan Agustan 2023 wata takarda ta fito daga ofishin jakadancin Kamaru da ke Abuja zuwa Ma'aikatar Harkokin Wajen Najeriya. Ma'aikatar ta miƙa wa hukumar agajin gaggawa ta NEMA, ita kuma ta sanar da jihohi. Kafin a ce kwabo hoton takardar ya gama zagaya wayoyin mutanen Jimeta. Saƙon gajere ne: ruwan sama ya yi yawa a arewacin Kamaru, za a buɗe ƙofofin madatsar ruwa ta Lagdo, a shirya.

A wurin ma'aikatan jakadanci wannan takardar zumunci ce tsakanin maƙwabta. A wurin mai gonar shinkafa a fadamar Geriyo, ko mai gida a Rumde da Limawa da Jambutu, ma'anarta ita ce ya fara tunanin inda zai kai iyalinsa da buhunan hatsinsa. A bakin kogi ba a tsayawa dogon bayani. "Kamaru za ta saki ruwa," shi ke nan, kowa ya gane.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne hanyar da saƙon ya bi. Daga Garwa zuwa Yola bai wuce kilomita 100 da 'yan kai ba in a miƙe ne, kuma Kogin Binuwai ɗaya ne ya ratsa su. Amma labarin ruwan sai ya gangara Yawunde, ya tsallaka Abuja, sannan ya juyo arewa maso gabas. Wannan doguwar hanya ita ce tarihin dangantakar Najeriya da Kamaru a taƙaice, kuma babu garin da ya fi Yola sanin zafinta.

Masarautar da aka tsaga

Kafin a san wani abu wai shi Najeriya ko Kamaru, Yola ce fadar da Garwa da Marwa da Gaundare da Tibati da Banyo da Rai Buba ke kallo. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, ya fara zama a Gurin a bakin Kogin Faro, ya yi ƙaura zuwa Ribadu, daga bisani ya kafa Yola a 1841. Ƙasar da ya bari bayan rasuwarsa a 1847, wato Fombina, mafi yawanta tana cikin Kamaru ta yau. Lamiɓen waɗannan garuruwa suna aiko da gaisuwa Yola, Yola kuma tana aikawa Sakkwato.

Turawa ne suka zo da almakashi. A yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1893, an ja layi daga kusa da Yola zuwa Tafkin Chadi. Da suka ga layin zai jefa Yola hannun Jamus, alhali kamfanin Ingila na Royal Niger yana ciniki a bakin kogin, sai suka lanƙwasa shi ya zagaye garin. Fada ta faɗa hannun Ingila, ƙasar da fadar ke mulki ta faɗa hannun Jamus. Babu wanda ya tambayi Lamiɗo Zubairu, kuma shi ma bai yarda ba. A watan Satumban 1901 sojojin Ingila suka ci Yola da yaƙi. Zubairu ya fice ya nufi gabas, ya gwabza da Jamusawa a Garwa da Marwa, aka fi ƙarfinsa, ya ci gaba da gudun hijira har aka kashe shi a 1903. Sarki guda, a cikin ƙasar kakanninsa, dauloli biyu na Turai suna farautarsa, kowacce tana cewa ya shigo mata gona.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sake motsa layin. Daga Yola sojojin Ingila suka tashi suka kai wa Garwa hari a 1914, aka kora su, sai a Yunin 1915 garin ya faɗi. Da aka kori Jamus, Ingila da Faransa suka raba Kamaru a 1919. Faransa ta kwashi kaso mafi tsoka, har da Garwa da Marwa da Gaundare. Ingila ta samu wani siririn yanki a matsayin ƙasar amana, arewacinsa ya haɗa da Mubi da Madagali da Ganye da Gashaka, ta riƙa mulkin wannan ɓangare tare da Arewacin Najeriya. Takardun da aka rubuta a kan wannan iyaka tsakanin 1929 da 1931 cike suke da kwatance irin na matafiyi: bi wannan rafi, hau wancan dutse, wuce ta gefen ƙauye kaza. Rafi yakan sauya hanya, ƙauye yakan tashi. Bayan shekara 70 lauyoyi suka zauna a birnin Heg suna gardama a kan wane rafi Bature yake nufi.

Ranar da Yawunde ta yi zaman makoki

Mutanen Mubi da Ganye suna cikin 'yan Najeriya ƙalilan da za su iya cewa su da kansu suka zaɓi zama 'yan Najeriya. A Nuwamban 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambaye su, suka ce a dakata tukuna. Wannan amsa ta girgiza Kaduna, domin ta nuna ƙabilun yankin ba su gamsu da mulkin En'e na Yola da Dikwa ba. Sardauna Ahmadu Bello ya fahimci saƙon, aka ware musu hukumominsu, aka yi musu alkawarin lardi na kansu. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna, hedkwatarsa Mubi.

Shugaban Kamaru na lokacin, Ahmadu Ahijo, Bafulatanin Garwa ne. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, domin kudancin ƙasar amanar, inda Kiristoci masu jin Turanci suka fi yawa, ya zaɓi Kamaru, arewa kuma da yake ganin 'yan uwansa ne ta juya masa baya. Ya ayyana 1 ga Yuni ranar makoki ta ƙasa, ya kai Ingila ƙara Kotun Duniya. A 1963 kotun ta ce babu hukuncin da za ta yanke da zai sauya abin da ya riga ya faru.

Duk da haka Ahijo bai riƙe Najeriya a zuci ba. Lokacin yaƙin basasa, sa'ad da Faransa ke taimakon Biyafara ta bayan fage, har ƙasashe irin su Gabon da Kodebuwa suka amince da ita, shi ya tsaya tare da Yakubu Gowon, ya hana a mai da ƙasarsa hanyar shigar da makamai. Daga wannan amincin ne shugabannin biyu suka zauna suka shata iyakar teku, suka sa hannu a Yawunde a 1971, sannan a Marwa ranar 1 ga Yuni 1975. Ba a cika wata biyu ba aka hamɓarar da Gowon. Gwamnatocin da suka biyo baya suka ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta taɓa amincewa da takardar Marwa ba. Har yau akwai masu cewa Gowon ya ba da Bakasi tukuicin yaƙi, shi kuma ya sha musantawa. Gaskiyar da ke cikin takardu ita ce, tun a Maris 1913 Ingila da Jamus suka sa Bakasi a ɓangaren Jamus.

Tsibiran da suka kai ƙasashen biyu kotu

Abin mamaki, iyakar da ta kai kusan kilomita 2,000 ta duwatsu da dazuzzuka, a bakinta biyu masu ruwa wuta ta kama. A kudu Bakasi ce, tarin tsibirai da fadamun gishiri inda masunta Efik da Ibibiyo da sauran 'yan Najeriya suka fi yawa, ga kifi ga zaton man fetur. A Mayun 1981 aka kashe sojojin Najeriya 5 a ruwan yankin, aka kusa yaƙi, Shehu Shagari ya danne zuciya, Kamaru ta ba da haƙuri ta biya diyya. A ƙarshen 1993 Janar Sani Abacha ya tura sojoji, ranar 29 ga Maris 1994 Kamaru ta shigar da ƙara.

A arewa kuwa labarin ya fi kusa da mu, ko da yake jaridun Legas ba su ba shi rabin kulawar da suka ba Bakasi ba. Da fari ya ci Tafkin Chadi a shekarun 1970 da 1980, ruwa ya riƙa ja da baya, masunta Hausawa da Barebari da sauransu suka riƙa bin sa. Inda ruwa ya tsaya nan suke kafa bukka, bukka ta zama ƙauye, tsibiri ya zama kasuwa. Haka Darak ta kafu ta cika da 'yan Najeriya. Gwamnati ta bi mutanenta da 'yan sanda da makaranta da mai karɓar haraji, aka riƙa lissafa wurin a Jihar Borno. Masunci bai san ya tsallake layin da wani gwamnan Ingila da takwaransa na Faransa suka ja ba. Shi dai kifi yake bi.

Hujjar Najeriya a wurare biyun iri ɗaya ce: mutanenmu ne a can, mu muke mulki, an daɗe ana haka. Hujjar Kamaru takarda ce. Ranar 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta ce takarda ta fi zama. Bakasi ta Kamaru ce, Darak ma haka. A kan iyakar tudu kuma kotun ta bi wuraren da ake saɓani ɗaya bayan ɗaya, wasu ta ba wannan, wasu ta ba waccan. An yi ta ƙorafi a Najeriya cewa shugaban kotun Bafaranshe ne, amma alƙalai 14 ne suka goyi bayan hukuncin Bakasi, 2 suka ƙi, ɗaya daga cikinsu Bola Ajibola, alƙalin da Najeriya ta kawo.

A nan dole a yaba wa shugabannin ƙasashen biyu na lokacin, Olusegun Obasanjo da Paul Biya, ko mutum yana son su ko ba ya so. Kofi Annan ya haɗa su a Janeba, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ƙarƙashin jagorancin Majalisar Ɗinkin Duniya, Ajibola yana jagorantar tawagar Najeriya, Amadu Ali ta Kamaru. A Disamban 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 na bakin tafki. A 2004 aka yi musayar wasu ƙauyuka a iyakar tudu. Ranar 12 ga Yuni 2006 aka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, ranar 14 ga Agusta 2008 aka miƙa Bakasi a Kalaba. Ƙasa mai ƙarfin soja irin Najeriya ta bar wuri don alƙali ya ce ta bari, wannan ba abu ne da ake gani kullum ba. Waɗanda suka biya kuɗin wannan dattaku su ne mazauna wuraren, da suka kwana 'yan ƙasa suka tashi baƙi. Aikin shata iyaka da kafa turakun siminti kuwa ya ci fiye da shekara 20, ya bi ta duwatsun Mandara da Alantika, inda wani lokaci turke ke faɗawa tsakanin gidan mutum da gonarsa.

Masu gudu ta kowane ɓangare

Da Boko Haram ta ci Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, dubban mutane ba su da hanyar Yola, sai suka hau duwatsu suka faɗa Kamaru. Wasu sun zagayo sun dawo gida ta kudu, wasu suka ƙare a sansanin Minawawo kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013. A lokacin ƙasashen biyu suna zargin juna: Abuja na cewa Kamaru ta zama maɓoyar mayaƙa, Yawunde na cewa wutar daga Najeriya ta taso. Sai a 2015, da Muhammadu Buhari ya je Yawunde a watan Yuli, aka kuma farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa mai hedkwata a Njamena, sannan sojojin suka fara aiki kamar maƙwabta.

A wannan shekarar ce kuma Kamaru ta fara kwaso 'yan Najeriya a manyan motoci tana sauke su a iyakar Sahuda kusa da Mubi, daga nan a kawo su sansanonin Malkohi da Fufore. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce a 2017 waɗanda aka koro da ƙarfi sun haura 100,000, Kamaru ta musanta. Ranar 2 ga Maris 2017 ƙasashen biyu da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu cewa ba za a dawo da kowa ba sai da yardarsa. Rukunin farko a ƙarƙashin wannan yarjejeniya, mutum 133, a filin jirgin saman Yola suka sauka a Agustan 2019.

Gudun ba ta hanya ɗaya yake ba. Sisiku Ayuk Tabe, wanda 'yan awaren yankin masu jin Turanci na Kamaru suka naɗa shugabansu a 2017, ma'aikaci ne a Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola kafin nan. A Janairun 2018 jami'an tsaro suka kama shi da abokansa a wani otal a Abuja, aka miƙa su Yawunde. Babbar Kotun Tarayya ta ce a 2019 miƙawar ta saɓa doka, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, daga baya kotun soja a Kamaru ta yi musu ɗaurin rai da rai. Bayan zaɓen Kamaru na Oktoban 2025 ma, rahotanni sun ce ɗan takarar adawa Isa Ciroma Bakari, mutumin Garwa, Yola ya fara fakewa kafin Gambiya ta sanar cewa yana hannunta. Ɗan Garwa in ƙasa ta yi masa zafi, har yanzu yamma yake kallo.

Talaka kuwa hulɗarsa ba ta jiran jakada. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, kuɗinta sefa ne, takardun tafiya daban. Amma a Gurin da Belel da Sahuda ana tsallakawa da babur da kwalekwale, ana ciniki da Fulatanci da Hausa. Shanu da shinkafa suna shigowa, kayan masarufi da fetur suna fita. Shekara da shekaru arewacin Kamaru ya yi ta tafiya ne da man Najeriya mai tallafi da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi, wanda suke kira zuwa-zuwa. Rufe iyaka da Buhari ya yi daga Agustan 2019 bai tsayar da shi ba, ya dai ƙara wa masu shingen hanya farashi. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya taɓa wannan ciniki fiye da duk wani sintiri da aka taɓa yi.

Abin da ba a kai kotu ba

Sai mu dawo ga ruwa, domin a nan ne aikin ya rage. Wani kamfanin ƙasar Sin ne ya gina Lagdo tsakanin 1977 da 1982, a kan Binuwai, kimanin kilomita 50 sama da Garwa. Tafkinta ya kai murabba'in kilomita 586, tana ba da wuta megawat 72, ita ce fitilar arewacin Kamaru. Injiniyan da ke kula da ita yana da buƙatu biyu masu karo da juna. Yana so ya tara ruwa da yawa don kada wuta ta yanke da rani, yana kuma tsoron kada ruwa ya fi ƙarfin gini. Saboda haka yakan riƙe har ƙarshen damina, in sama ta ƙara zubowa a Agusta ko Satumba sai ya buɗe, a daidai lokacin da kogi ya riga ya cika, shinkafa kuma ta kusa nuna. Ba mugunta ba ce. Kafin ruwan ya iso Fufore ma sai ya fara bi ta kan Garwa.

A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, a ƙididdigar NEMA. A 2022 waɗanda suka mutu sun haura 600. A duka biyun an buɗe Lagdo, a duka biyun kuma sunan da ya cika bakin mutane shi ne Dasin Hausa. Ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Fufore inda aka tsara tun farkon shekarun 1980 za a gina madatsar da za ta tare abin da Lagdo ta saki, ta ba da wuta, ta shayar da gonaki. An sha faɗa cewa za ta ninka Lagdo sau biyu da rabi, kuma wai alkawari ne tsakanin ƙasashen biyu, Kamaru ta cika nata Najeriya ta saɓa. A 2022 ministan albarkatun ruwa na lokacin, Injiniya Sulaiman Adamu, ya ce babu wata rubutacciyar yarjejeniya irin wannan, ya kuma ce abin da Lagdo ke ƙarawa a ambaliyar Najeriya bai wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Maganar minista tana da ƙamshin gaskiya in daga Lakwaja ake kallo. Kafin Binuwai ta kai can ta haɗiye Gongola a Numan, ta haɗiye Taraba da Donga da Katsina-Ala, sannan ta gamu da Kwara. Ruwan Lagdo ya narke a cikin wannan taro. Amma mutumin Fufore da Yola da Girei da Demsa yana sama da duk waɗannan koguna. Abin da ke zuwa masa Binuwai ce daga Lagdo, da Mayo Kebbi, da Faro wanda ke gangarowa daga tsaunukan Kamaru. A gare shi lissafin kashi 1 cikin 100 ba ya bayyana abin da idonsa ke gani: rana tana haske, ba a yi ruwa ba kwana da kwanaki, kogi kuma yana hawa.

Mu ma da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Yashi ya cike cikin kogin. A da jiragen ruwa na kamfanonin Turawa suna hawowa da damina har Jimeta, su wuce Garwa su ɗauko auduga da gyaɗa. Yau da rani tsibiran yashi ne ke bayyana a ƙarƙashin gadar Jimeta. Kogin da cikinsa ya cike, ruwa kaɗan ke sa shi ya fantsama. Ga gine-gine a kan hanyar ruwa, da filayen da hukuma da kanta ta yanka ta sayar a fadama. Ɗora wa Lagdo komai yana yi wa jami'an gida daɗi, tunda ba a iya kiran madatsar wata ƙasa gaban majalisa.

Bayan 2012 an samu fahimtar juna cewa Kamaru za ta riƙa sanarwa kafin ta buɗe, kuma ana ganin amfanin hakan. A Satumban 2024 hukumar NIHSA mai lura da koguna ta sanar tun da wuri cewa za a fara sakin ruwa kaɗan-kaɗan, daga kubik mita 100 a daƙiƙa, a riƙa ƙarawa har 1,000. Sai dai sanarwa daban, shawara daban. Kamaru tana gaya wa Najeriya abin da ta yanke ne, ba zama ake a yanke tare ba. Ƙasashen biyu suna cikin Hukumar Kogin Kwara mai hedkwata a Yamai, suna cikin Hukumar Tafkin Chadi tun kafa ta a 1964, wuraren zama ba su yi ƙaranci ba. Abin da mai noman fadama yake buƙata bai kai wahalar shari'ar Bakasi ba: a fara rage ruwan tafkin tun Yuli kafin ya kai wuya, ma'aunin ruwan Lagdo da na Garwa da na Faro su riƙa isa Yola kai tsaye kowace rana, a kuma sa jihar da ruwan ke fara faɗa wa a teburin da ake maganar. In rage ruwa da wuri zai sa Kamaru asarar wuta, wannan abin ciniki ne, Najeriya tana da abin da za ta bayar.

Hanyar da ta fi kowace gajarta tana nan ba a amfani da ita yadda ya kamata. Fadar Lamiɗon Adamawa, inda Muhammadu Barkindo Aliyu Musdafa ke zaune tun 2010, ba ta yanke zumunci da lamiɓen Kamaru ba, ana zuwa wa juna naɗi da ta'aziyya, ana auratayya. Amma tsarin mulkin Najeriya ya ajiye hulɗar waje a hannun tarayya kaɗai, Kamaru kuma ƙasa ce da gwamnan lardi ba ya motsi sai Yawunde ta ce. A ƙarshen 2024 ma gwamnatin jiha ta sake yanka masarautar, ta fitar da Fufore a matsayin masarauta mai zaman kanta. Gurin, inda Modibbo Adama ya fara kafa tutarsa, da Dasin Hausa, inda aka yi shekara 40 ana jiran madatsa, duka suna cikin wannan sabuwar masarauta.